Kafin A Ce Maka Madabod Ta Ƙone

Yawancin kwamfutocin tebur da ake kawo mini shago, tun daga gida an riga an yanke musu hukunci: wai madabod ta ƙone. Wani ma ya riga ya tambayo kuɗin sabuwa a kasuwa. Sau da yawa kuwa, in na buɗe, abin da ya lalace bai kai kuɗin motar da aka biya aka kawo ta ba. Shi ya sa nake so masu shagon buga takardu, masu cibiyoyin jarrabawar JAMB da ma'aikatan ofis su san yadda muke bin sawun matsala, ko don kada wani mai gyara ya yi musu sakiyar da ba ruwa.

Abin da nake fara tambaya shi ne: da ka danna maɓallin kunnawa, me ya faru? Kwamfutar da ta yi shiru tsit, babu fitila babu motsin fanka, ciwonta daban. Wadda fankarta ke juyawa amma monita baƙi ƙirin, nata daban. Haka ma wadda ke tashi ta mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi. Amsar wannan tambaya ita ce rabin aikin.

In shiru ta yi, daga bango ake farawa. A jona wani abu a soket ɗin a ga ko akwai wuta, a canza wayar wutar da ta monita tun da yawanci bakinsu ɗaya ne, a duba fis ɗin da ke cikin kan fulogi mai ƙafa uku. Sannan a leƙa bayan kwamfutar. Tsofaffin fawa-fak, wato akwatin da ke rarraba wa kayan cikin kwamfuta wuta, suna da wani ɗan jan makunni mai lamba 115 da 230. Wutar gida a Amurka bolt 120 ce, tamu a Nijeriya 230, don haka tokumbon da ta fito daga can takan iso makunnin yana kan 115. Aka jona ta a haka, sai dai a ji ƙara, a ga hayaƙi. Duk wanda ya sayo tokumbo ya duba wannan wurin kafin ya kai hannu soket.

Fawa-fak shi ne ya fi kowa shan wahala a ƙasar nan. A ɗauke wuta, a kawo ta da ƙarfi, a koma janareta, duk a kansa abin ke ƙarewa. Gwada shi ba wuya. Babbar wayar da ke tafiya daga gare shi zuwa madabod tana da baki 24, kuma a cikinsu koriya guda ɗaya ce tak. Mukan zare ta daga madabod, mu haɗa koriyar da kowace baƙa da ɗan guntun waya, mu ba shi wuta. In yana da rai zai tashi. Amma juyawar fankarsa ba ta isa shaida ba, sai an sa mita. Rawayar waya ta ba da bolt 12, ja ta ba da 5, ruwan lemo 3.3, shunayya kuma 5 ko da kwamfutar a kashe take. Rangwamen da aka yarda da shi kashi 5 cikin ɗari ne, wato layin 12 ɗin in ya sauko ƙasa da 11.4 to da magana. Wani ma yakan nuna lafiya ƙalau yana zaune shi kaɗai, da an ɗora masa kaya ya durƙushe, shi ya sa a ƙarshe nake gwadawa da wani wanda na tabbatar da lafiyarsa.

Sai dai a kula, da yawa daga cikin Dell da HP na ofis na baya-bayan nan suna da nasu tsarin wayar, dabarar koriya da baƙa ba ta aiki a kansu. Wasu Dell OptiPlex suna da ɗan maɓalli a bayan fawa-fak ɗin, in ka danna fitila ta kama kore, yana da lafiya. Kuma don Allah kada wanda bai koyi aikin ba ya kwance akwatin fawa-fak. Manyan kafasitocin ciki suna riƙe wuta bayan an zare fulogi, kuma suna iya yi wa mutum mummunar illa.

Akwai kuma maɓallin kunnawar kansa, wanda ba a cika zarginsa ba. Wayarsa kan wasu ƙananan filoli biyu take zama a jikin madabod. Ka taɓa su tare da bakin sukudireba, in ta tashi, maɓallin ne ya mutu.

Wadda fankarta ke juyawa amma babu hoto, ram nake fara zargi, musamman a lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. A zare wuta, a taɓa ƙarfen akwatin da hannu, a cire ram ɗin, a goge bakinsa mai ruwan zinare da kilinar fensir, a hure ramin, a mayar har sai maƙallan sun kama. In guda biyu ne, a gwada ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani gwaji da nake ji da shi: a cire ram gaba ɗaya a kunna. In kwamfutar tana da ɗan lasifika a ciki kuma ta fara kuka, ko fitilar gabanta ta fara ƙyaftawa da wani tsari, to madabod da furosesa suna da rai, tun da har sun gane an raba su da ram. Ma'anar kukan kuwa ta danganta da kamfani, abin da uku ke nufi a Dell ba lallai shi ne a HP ba, sai a nemi takardar samfurin. Sai ɗan batirin nan na jikin madabod mai kama da kwabo, CR2032, bolt 3 yake bayarwa. In ya yi sanyi za ka ga kwanan wata yana komawa baya, wasu injinan ma sukan ƙi tashi. Cire shi na 'yan mintuna yana mayar da saitin BIOS yadda ya zo daga kamfani. Kuma a tabbata wayar monita tana jikin katin hoto in akwai shi, domin mutane suna yawan jona ta a bakin madabod su zauna suna jiran hoto.

Mai tashi ta mutu, ko dai zafi ne ko wani abu na haɗa wuta. A duba ko ƙarfen sanyaya furosesa ya saki, ko man da ke tsakaninsu ya bushe, ko ƙaramar waya mai baki 4 ko 8 da ke kai wa furosesa wuta ba ta zauna ba. A haska bakunan USB, domin wanda ya karye filolinsa suka haɗe yana iya hana inji duka tashi. Daga nan sai mu cire duk abin da ba dole ba, mu bar madabod, furosesa, ram ɗaya da fawa-fak, mu riƙa mayar da sauran ɗaya-ɗaya har mai laifin ya bayyana.

Sai an bi duk wannan ne ake da bakin cewa madabod ce. Ita ma takan bar alama: kafasita da kansa ya kumbura ko ya tsiyayo da wani abu, baƙin tabo da warin ƙuna, ko bakin wayar intanet da tsawar damina ta babbake. Wanda ya ce maka ta ƙone, ka ce ya nuna maka, ko ya faɗi abin da ya gwada, kuma ka karɓi tsohon kayanka in an canza.

Ku masu kuka da takardunku kuma ku kwantar da hankali. Aikinku yana kan had-dis, kuma mutuwar fawa-fak ko madabod ba kasafai take taɓa shi ba. Ana ciro shi a jona wa wata kwamfutar a kwashe komai, sai fa in an kulle shi da BitLocker, a nan sai an nemo mabuɗinsa. Kwamfutar da ko tambarin kamfaninta ba ta nunawa, ba abin da fomatin zai yi mata, don haka kada ka yarda a goge maka had-dis kafin a kwafe maka abin da ke kansa.