Tafiyar Kaka a Gaɓar Tekun Norwe: Abin Yi da Abin Bari

Tun kafin ka sayi tikiti, ka san irin jirgin da za ka hau. Jiragen ruwan da ke bin gaɓar Norwe daga Bergen zuwa Kirkenes jiragen aiki ne. Tun 1893, da kyaftin Richard With ya fara jigila tsakanin Trondheim da Hammerfest, aikinsu shi ne kai wasiƙu da kaya da mutane garuruwan da duwatsu da ruwa suka datse. Har gobe suna kai kaya da mutane: tashoshi 34, kwana 12 zuwa da dawowa, a hannun kamfanin Hurtigruten da kuma Havila da ya shigo a 2021. Da tsakar dare za ka ji ƙarar injin ɗaukar kaya, da safe ka tarar da wata tsohuwa ta shigo za ta asibiti a gari na gaba. Kai baƙo ne a motar mutanen gari. Kada ka ɗaga wa ma'aikaci murya don an hana ka barci.

Ka gama da takardu da wuri. Norwe ba ta cikin Tarayyar Turai, amma bizar Schengen ake shiga da ita, kuma sai ka nuna inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Ka sauka Bergen kwana ɗaya kafin ranar tashi. Kada ka cika aljihu da tsabar kuɗi, da kati ake sayen komai, har kofin shayi.

Kada sunan kaka ya ruɗe ka. Tamu lokacin sabuwar dawa ce da ɗaurin dami. Tasu lokacin da ganye ke komawa ruwan ɗorawa ne, rana na ja da baya, teku na fara fushi. Ka zaɓi watanka da sani. A ƙarshen Satumba dare da rana kusan daidai suke. Daga nan hasken yini ya riƙa zaizayewa kullum, har a ƙarshen Nuwamba rana ta daina fitowa a Tromso sai tsakiyar Janairu. Kada ka biya kuɗi don ganin mashigin Geiranger da ka gani a hoto, na watannin zafinsu ne. A Satumba da Oktoba mashigin Hjorund ake shiga, ruwa shiru tsakanin duwatsu masu tsini, kuma ni a wurina ya fi, don babu cinkoso.

Maganar sutura ba ta wasa ba ce. Rigar sanyin da kake sawa da hunturu ba za ta tsare ka a saman jirgi ba, domin sanyin can jiƙaƙƙe ne, iska ke tura shi cikin ƙashi. Ka sa ulu a jikin fata, ka ɗora wata mai kauri, sannan ka rufe da wadda ruwa da iska ba sa ratsawa. Kada ka sa auduga a ciki: tana shan gumi ta riƙe, sai ta zama ita ce mai sanyaya ka. Ka nemi hula mai rufe kunne, safar hannu, da takalmi mai kama ƙasa. Babbar rigarka ka ajiye ta don cin abincin dare a ciki. Kada ka fita da ita waje iska ta cika ta a bakin ƙarfen jirgi. 'Yar'uwa, ki ɗaure mayafi ki cusa gefensa cikin rigar sama.

Yanzu ga wadda na fi damuwa da ita: kada ka raina agogon jirgi. Wasu tashoshin minti 10 ko 15 kacal ake tsayawa, kuma ba a jiran kowa. A idona, a wata ƙaramar tasha, wani fasinja ya sauka ɗaukar hoto ya ɗan zagaya bayan rumbun kaya. Aka janye gada, aka kwance igiya. Muna tsaye a sama muna kallonsa yana gudu yana ɗaga hannu, ba riga mai kauri a jikinsa, fasfonsa da maganinsa suna ɗaki. Har yau ina ganin fuskar mutumin nan. In za ka sauka, ka duba lokacin tashi a allon bakin ƙofa, ka ɗauki katin jirgi da fasfo, ka dawo da sauran lokaci. Yawonka ka bar shi sai manyan tashoshi irin su Trondheim da Tromso, inda ake yin awanni. Ka kuma tuna ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba suna mayar da agogo baya da awa ɗaya, daga nan lokacinsu ya yi daidai da na Najeriya da Nijar.

Kada ka raina teku don ka ga tsibirai sun kare ka. Akwai wuraren da jirgi ke fita fili: Stad, Hustadvika, Folda, Vestfjord, da gaɓar Finnmark da ke fuskantar tekun Barents. A Hustadvika ne injinan jirgin Viking Sky suka mutu cikin guguwa a Maris 2019, aka kwashe ɗaruruwan mutane da jirage masu saukar ungulu. Saboda haka ka halarci bayanin tsaro na ranar farko, ka san inda rigar ceto take. Ka nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a bene na ƙasa, can ne jijjiga ta fi sauƙi. Maganin jiri kafin a shiga filin ake sha, in amai ya fara ya riga ya makara. Ka tafi da busasshiyar citta. In kyaftin ya tsallake wata tasha saboda iska, kada ka je neman rigima, ranka yake tsarewa.

In kai musulmi ne, kada ka tayar da salla ka fuskanci gabas bisa sabo. A Bergen alƙibla kudu maso gabas take, kafin ka kai Kirkenes ta koma kusan kudu sak, jirgi kuma juyawa yake tsakanin tsibirai. Ka duba kafin kowace salla. Ka zauna da malaminka tun a gida kan kasaru da haɗa salloli, domin a Nuwamba tsakanin azahar da magariba ɗan taƙi ne. Akwai masallaci a Tromso, cibiyar Alnor, ka leƙa ka gaisa da jama'a. Wajen cin abinci kada kunya ta hana ka tambaya. Duk inda ka ga svin ko skinke, alade ne, kuma akan zuba giya a wasu miyoyin. Ka sanar da su abin da ba ka ci tun wajen yankar tikiti. Kifi kuwa ga shi nan har sai ka ture.

A tsibiran Lofoten ka tsaya ka kalli dogayen rumfunan itace da ke bakin ruwa. A kaka fanko za ka same su, don daga Fabrairu zuwa wajen Mayu ake shanya kifi a kai. Daga nan busasshen kifin da Ibo ke kira okporoko, Yarbawa kuma panla, yake zuwa kasuwanninmu, har da kawunansa. Ka faɗa wa masunci daga Najeriya kake, ya san sunan ƙasar sarai.

Mutanen Sami, makiyayan barewar ƙanƙara, kada ka ɗauke su hoto sai da izini, kuma kada ka tambayi mutum yawan dabbobinsa. Ka san ba a yi wa Bafulatani wannan tambayar. A Hammerfest kada ka ce garin ba shi da tsofaffin gine-gine kamar abin raini: sojojin Jamus ne suka ƙone yankin Finnmark da za su janye a 1944 da 1945. Ka shiga gidan tarihin sake gina garin ka gani da idonka.

Hasken nan da ke rawa a sararin samaniya, wanda yawancin mutane dominsa suke zuwa, ba wanda zai yi maka alkawarinsa. Yana son duhu da sama wadda ba gajimare, kaka kuwa lokacin hadari ne. Kada ka sa ran koren da kamara ke nunawa, sau da yawa ido fari-fari yake fara ganinsa kamar hayaƙi. Bayan an tsallake layin Aktik tsakanin Nesna da Ornes, ka roƙi a kunna maka sanarwar fitowar hasken a ɗakinka, ka kwanta da kayan sanyinka a kan kujera, takalmi a bakin ƙofa. In an yi kira ka fita nan take, ka kashe fitilar waya don kada ka ɓata wa na kusa da kai gani, ka riƙe ƙarfe da hannu ɗaya, domin daben jirgin kan yi santsi da ƙanƙara.