Daga Kano Zuwa Katsina Ta Sama: Darasin Lissafi

Sa'ad da aka aike ni gwajin koyarwa a wata makaranta kusa da Watari, wata rana jirgin sama ya gifta ina cikin darasi. Yara duk suka ɗaga kai, alli ya rasa mai kallonsa. Wani yaro ya ce, "Malam, minti nawa zai yi zuwa Katsina?" Na rasa amsa, kunya kuwa ta kama ni. Ga abin da na shirya musu kashegari, ko zai amfani 'yan'uwana.

Tsakanin filin jirgin saman Kano da na Katsina, in an miƙe sosai kamar tafiyar tsuntsu, wajen mil 90 ne. Hanyar mota da ta bi ta Bichi da Tsanyawa da Kankiya ta haura mil 100, don hanya tana kewaye dutse da rafi, jirgi kuwa ba ruwansa.

Ƙa'idar ita ce a raba nisa da gudu. Mu ce jirginmu yana cin mil 270 a sa'a guda. Mil 90 sulusin 270 ne, watau sulusin sa'a ke nan, minti 20.

To, amma akwai iska, nan ne kuwa daɗin darasin yake. In iska mai gudun mil 30 a sa'a ta tare shi ta gaba, gudunsa ya koma 240, sai ya yi minti 22 da rabi. Wajen komowa tana tura shi ta baya, gudunsa ya zama 300, minti 18. A tara: 40 da rabi. Yara suka ce na yi kuskure, wai abin da iska ta ci a tafiya lalle ta biya a komowa, a tashi 40 daidai. Ba ta biya duka ba, domin jirgin ya fi daɗewa yana fama da ita bisa ga lokacin da take taimakonsa. Sai da muka sake yi sau uku a allo kana suka yarda.

Sa'an nan minti 20 ɗin nan na allo ne kawai. Jirgi yakan yi tafiya a ƙasa kafin ya tashi, ya hau a hankali, ya rage gudu wajen sauka, in hazon hunturu ya yi kauri kuma a hana shi sauka sam. Mutumin Watari fa sai ya juya baya ya tafi Kano tukuna, ya zauna jiran awon kaya. A ganina wanda ya tsaya bakin hanya a Bichi ya tari mota zai riga shi ganin Gobarau.

Yaron nan ya ce shi dai duk da haka jirgin zai shiga.