Kare Saƙon Jiragen Sama daga Siginar Bogi

Jirgin da mutanen Ƙofar Ruwa ke hangowa yana sunkuyowa zuwa Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano ba shiru yake tafe ba. Galibin jiragen zamani suna ɗauke da na'urar ADS-B, wadda ke karanta wurin da jirgin yake daga taurarin ɗan'adam na GPS, sannan ta watsa shi ta rediyo a kan mita 1090 megahaz, kusan sau biyu a kowace daƙiƙa, tare da lambarsa da tsayinsa da gudunsa. Wannan saƙon ne ke fitowa a manhajar Flightradar24. Amfaninsa a Kano ba kaɗan ba ne, musamman lokacin hunturu da hazo ke rufe ido.

Sai dai akwai matsala, kuma tun daga tushe take. An ƙera tsarin ba tare da kulle saƙo ko hatimin da ke tabbatar da wanda ya aiko shi ba. Na'urar karɓa tana gaskata duk abin da ya zo mata a tsari. A 2012 masu bincike sun nuna a Amurka cewa da ƙaramin rediyo mai aiki da kwamfuta ana iya cusa jirgin da babu shi a allo. Akwai kuma hanya ta biyu, mafi muni: a yaudari GPS ɗin jirgin, sai ya riƙa shelar wurin ƙarya alhali bai sani ba. Matuƙa sun sha fama da wannan a Gabas ta Tsakiya tun 2023.

Shi ya sa injiniyoyin wannan fanni ba sa yarda da shaida guda. Rada tana auna jirgi da kanta, ba sai ya faɗa ba, kuma hukumar NAMA, mai kula da zirga-zirgar jirage a sararin samaniyar Najeriya, tana da ita a Kano. Ana kuma kafa tashoshin karɓa huɗu ko fiye, a kwatanta lokacin da saƙo ɗaya ya isa kowacce. Bambancin yana tona ainihin inda mai watsawar yake. Saƙon da ya ce yana sama amma lissafi ya nuna daga ƙasa ya taso, na bogi ne.

Jama'a ma da nasu alhakin. A 2013 an ci wani direba tarar kusan dala 32,000 a Amurka, don na'urar toshe GPS da ya maƙala a motarsa ta rikita kayan filin jirgin Newark. Masu gyaran wutar mota da direbobin da ke zirga-zirga tsakanin Ƙofar Ruwa, Kurna da hanyar filin jirgi su guji irin wannan na'ura.