Kuringar Inabi a Ƙasa Mai Zafi

'Yan'uwa, mun sha karanta zancen kuringar inabi cikin Yohanna sura 15, da yadda manomi yakan datse rassanta. Amma a Gwarzo da Kabo kaɗan ne cikinmu suka taɓa ganinta da ido. Waɗansu suna cewa itacen ƙasar sanyi ne, ba ya yi a nan. Ba haka ba ne. Manoman Kudan, kusa da Zariya, suna nomanta, suna kuwa kai 'ya'yan kasuwa.

Bari mu duba iri guda. A kudancin Indiya, kewaye da birnin Bangalo, akwai inabi da ake kira Bangalore Blue. 'Ya'yansa baƙi ne mai sirkin ja, da ƙwaya a ciki, akan matse shi a yi jan ruwan inabi. A shekara ta 2013 hukumar Indiya ta yi rajistar sunan nan domin manoman yankin kaɗai. Jar ƙasa mai yashi yake so, wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta. Wanda ya dasa shi a laka ya yi asarar wahalarsa.

Ga abin da ya fi muhimmanci. A ƙasar Turai sanyi yakan sa kuringa ta zubar da ganye, ta yi barci, kana ta farka ta yi fure. A wurinmu ba ta barci. In an bar ta, sai ta yi ta ganye, 'ya'ya kuwa kaɗan. Saboda haka wuƙar manomi ita ce a maimakon sanyi. Manoman Indiya sukan datse sau biyu: cikin Afrilu domin sababbin rassa, cikin Oktoba domin 'ya'ya.

Me ya sa Oktoba? Domin damina ta wuce. Laima takan kawo ciwon ganye, ruwan sama kuma yakan fasa 'ya'ya, su ruɓe. Wanda ya datse bayan ɗaukewar ruwa, nononsa zai nuna da rani, bayan wata huɗu ko biyar.

Amma fa rani sai ban ruwa. Kada kowa ya sayi dashe tun bai tabbatar da rijiya ba. A kafa mata rumfa mai ƙarfi, a yi tsaron gara da tsuntsaye, kada kuma a sa rai ga kuɗi a shekarar fari.