Garin Ƙarfe da Daji: Nazarin Wani Fim na Japan

A shekarar 1997 wani mai zane a ƙasar Japan, Hayao Miyazaki, ya fitar da fim mai suna Princess Mononoke. Fim ne na zane mai motsi, irin wanda yawancinmu muke ɗauka na yara ne. Wannan kam har manya yana ba su abin tunani, shi ya sa muka zaɓe shi don nazarinmu na bana.

Ga yadda labarin yake. Wani aladen daji da ya haukace ya auka wa ƙauyen wani yarima mai suna Ashitaka. Yariman ya kashe shi, amma la'ana ta kama masa hannu. A cikin gawar aka sami dunƙulen ƙarfe, wato harsashin da ya haukata dabbar. Neman asalin wannan ƙarfe ya kai shi Garin Ƙarfe, inda wata mata, Eboshi, take shugabanci. Mutanenta suna haƙar tama, suna sare daji don gawayin narka ta. Dabbobin daji kuwa sun ɗaura yaƙi da garin, tare da wata yarinya, San, wadda kyarketai suka yi renonta.

Ya ku ɗalibai, a nan ya kamata mu dakata. A tatsuniya, tun farko muke sanin wane ne mugu. Amma Eboshi ita ce ta fanshi mata daga gidajen karuwai ta ba su aikin zuga-zugi. Ita ce ta karɓi kutare ta ɗaure musu miki, alhali kowa ya guje su. Kuma ita ɗin ce dai ta harbe kan Aljanin Daji da bindiga, har halaka ta malalo ta cinye dajin da garin baki ɗaya. To, me za mu kira ta?

Mu mutanen Lafani wannan tambaya ba baƙuwarmu ba ce. Tun kaka da kakanni maƙeranmu da gawayin kirya suke aiki, galmar da ke nome mana gero daga wutar itace ta fito. Matar da ke ɗauko itace zuwa kasuwar Illela ba gaba take yi da daji ba, kuɗin makaranta take nema, watakila ma na ɗaya daga cikinku. Sai dai rairayi ba ya tambayar dalili. Dattawanmu da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san abin da iska ke yi wa gonar da ba bishiya.

A ƙarshen fim an mayar wa Aljanin kansa, ciyawa ta tsiro, amma tsohon dajin bai dawo ba. San ta ce ba za ta yafe wa mutane ba, ta koma daji. Ashitaka ya zauna a garin don a sake gina shi. Wasu masu kallo ba su ji daɗin haka ba; a ganinmu nan ne Miyazaki ya fi faɗin gaskiya.

Irin wannan zama na sulhu muna da misalinsa a tsallaken iyaka. Tun wajen 1983 manoman Maraɗi, da ƙarfafawar wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, suka kama abin da suke kira sassabin zamani. In za a share gona, ba a ƙone tohon kututture; a zaɓi 'yan masu ƙarfi a bari, a datse sauran. An ƙiyasta bishiyoyi sun dawo a kan hekta kamar miliyan 5 a Nijar. Gawo ma, da yake yakan zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana. Manomin bai daina saran itace ba, reshe yake cirewa ya bar uwar.

A hutun nan, kowa ya tambayi kakansa sunayen itatuwan da ke tsakanin Illela da Birnin Ƙonni a ƙuruciyarsa, ya rubuto mana waɗanda har yanzu yake gani da idonsa.