Karfasa ce ta fara mutuwa

Da sassafe wani dattijo masunci ya kira ni, muryarsa na rawa: "Malam, zo ka gani da idonka." Na hau babur zuwa tafkinsu, a wata fadama ƙasa da Haɗeja. Ruwan ya yi kore shar kamar miyar kuka, karfasa birjik ciki sama, tarwaɗa kuwa sai leƙo kai take tana shaƙar iska. Mutanen gari har sun yanke hukunci cewa wani ne ya zuba Gamalin. Na ce a'a. Da guba ce, tarwaɗa ba za ta tsira ba. Gansakuka ce ta ƙoshi da taki, ta shanye iskar ruwan cikin dare.

Na bi sawun ruwan a ƙafa har gonar shinkafar wani Alhaji. Ya nome ciyawar bakin gaɓa ƙarƙaf, ya haƙa lambatu miƙaƙƙe zuwa tafki, sannan ya sa yara suka watsa yuriya cikin ruwa tsundum, hadari na haɗuwa a gabas. Na ce, "Alhaji, wa ya ba ka wannan shawara?" Ya ce mai shago ne, wai a ƙara buhu biyu shinkafa ta yi duhu. Mai shago! Mutumin da bai taɓa auna ƙasar kowa ba, burinsa buhu ya fita.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ciyawar. Fadama matatar ruwa ce. Idan ambaliya ta bazu ta kwanta, laka na zama da fosfarus ɗinta, ƙwayoyin halittar cikin taɓo kuma su mayar da nitiret iska. Ka yanke wa ruwa hanya miƙaƙƙiya, ka hana shi kwanciya, to duk abin da ka zuba zai sauka kan na ƙasa da kai. Dama tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar yankin Haɗeja da Nguru ta sauya, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Yanzu mu ne ke ciyar da kacalar da takin da muka saya da kuɗinmu.

Don haka manoma, ku bar ciyawar gaɓa. Ku rage ruwa kafin zuba yuriya, ku raba ta kashi biyu, kada ku zuba in hadari ya taso. Ku daina wanke tankin feshi a tafki. Na sake faɗa, ku bar ciyawar nan!

Kafin in tafi na gwada ruwan rijiyar da ke gindin gonar. Nitiret ya haura miligiram 50 a lita, iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma da ruwan nan ake dama wa jarirai koko. Na gaya wa mai unguwa. Dattijon kuwa bai ce uffan ba, yana ta kwasar kifinsa a kwando zai kai rami.