Darasin Kimiyya: Yadda Ake Tsara Sabuwar Gona Don Namun Daji Su Zauna

Ɗalibai, darasinmu na yau ya shafi dangantakar dabba da muhallinta, kuma a kan misali guda za mu gina shi. Mu ɗauka wani mutum ya sayi gona mai hekta 10 a yankin Zango, tsawonta mita 400, faɗinta mita 250. Manomi ne, amma jinin maharba ne. Yana son ya cika rumbu da gero, yana kuma son wata rana ya sami abin farauta ba tare da ya yi nisa da gida ba. Ta ina zai fara?

Wace dabba ce za ta zo?

Da wannan tambaya ake farawa, domin kowace dabba da irin filin da ke ɗaukarta. A Amurka masu gonaki kan tsara filayensu musamman don wata dabba mai kama da barewa, mai ƙaho mai rassa. Wajen 1900 abin da ya rage na irinta bai wuce rabin miliyan ba, yau kuwa ta kai kimanin miliyan 30, saboda an ƙayyade lokacin farauta, kuma tun 1937 ake kashe harajin bindiga da harsashi wajen gyaran daji. Mu a nan lamarin daban ne. Barewarmu mai jan goshi tana cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, kuma dabba ce mai son sarari mai nisa. A ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, wato Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango, gona na manne da gona. Hekta 10 ba za ta riƙe barewa ba ko me aka shuka. Abin da mai gonarmu zai sa rai da shi su ne zomo, fakara, zabin daji, kurciya da kurege. Idan maƙwabta suka bi sahunsa, gada ma tana iya leƙowa.

Dukansu buƙatunsu uku ne: maɓoya, abinci da ruwa. Amma kafin a ba kowanne wurinsa, sai an san iska.

Iska

Daga Nuwamba zuwa wajen Maris, iskar hunturu tana kaɗowa daga arewa maso gabas, busasshiya, ɗauke da ƙura. Da damina kuwa daga kudu maso yamma take zuwa. Kun ga ke nan hanya ɗaya ce, zuwa da komowa. Don haka layin itatuwan da aka dasa daga arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas zai tare ta a kowane lokaci. Akwai ta ukunsu, iskar hadarin farkon damina, wadda ke tasowa daga gabas tana watsa rairayi a kan shuka tun tana jaririya. Saboda ita ake ƙarfafa shingen gabas.

Ga ƙa'idar da nake so ku rubuta: layin itatuwa yana rage ƙarfin iska a bayansa har nisan da ya kai kimanin ninki goma na tsayinsa. Itace mai mita 10 zai kare mita 100. Da wannan lissafi aka yi aiki a kwarin Majiya ta jihar Tawa a Nijar tun 1975, inda aka jera darbejiya layi bibbiyu, tazarar mita 100. Gonarmu za ta buƙaci layi uku zuwa huɗu. Kada kuma layin ya toshe ƙam kamar katanga. Iskar da ta rasa hanya takan haura ta faɗo a baya tana juyi, ta kwashi ƙasa. Shingen da ya bar wajen rabin iskar ta ratsa shi ne ya fi aiki.

A ganina darbejiya ita kaɗai ba ta dace da wannan manufa ba. Tana saurin girma, gaskiya ne, amma ƙarƙashinta tsirara ne, ciyawa ba ta yi sosai, zomo ba shi da inda zai laɓe. A haɗa ta da bagaruwa da magarya da aduwa, a bi gindin layin da gamba.

Maɓoya

Nan ne yawancin masu sabuwar gona ke ɓata aikinsu tun ranar farko, domin abin da suka fara yi shi ne sassabe na ƙarƙaf, a tumɓuke kututture, a tara a cinna wuta. Alhali sabara da kalgo da geza da ke gonar suna da tsohuwar saiwa mai zurfi, wadda ta riga ta san fari. Idan aka zaɓi toho biyu ko uku mafi ƙarfi a kowane kututture aka datse saura, cikin 'yan shekaru sun zama itace, da sauri fiye da dashen da ake yi wa ban ruwa. Wannan dabara ce ta yaɗu daga Maraɗi tun 1984, har ta mayar da itatuwa a fili kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Duk wanda ya tsallaka iyaka ya nufi Magarya ko Matamaye ya ga yadda gawo ya cika gonaki.

Mai gonarmu zai ware hekta 2 a mafi raunin wuri, inda fako yake ko inda zaizaya ta ci, ya bar shi saura. Ba noma, ba kiwo, ba saran itace. Gara fili ɗaya dunƙulalle da 'yan tsibi-tsibi a warwatse, don karnuka da yara kan ratsa ƙaramin kurmi cikin ƙiftawar ido. Sannan a haɗa wannan saura da layukan itatuwa, yadda dabba za ta bi ta ƙarƙashinsu ta kai ga ruwa ba tare da ta fito fili shaho ya gan ta ba. Bayan kaka a nome wata hanya mai faɗi kewaye da shi don tare gobara.

Abinci da ruwa

Damina ba matsala ba ce. Rani ne ke gwada gona, tun da ruwan Daura, wajen milimita 600 a shekara, yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba. A nan gawo ya fi kowane itace amfani: yana kakkaɓe ganyensa da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ya yi kore da rani, ya zubar da 'ya'ya daidai lokacin da babu komai a ƙasa, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin. A bar wasu kunyoyin gero da wake a gefen saura ba tare da an girbe ba.

Tafki kuwa a haƙa shi a mafi kwarin wuri, kusa da maɓoya. Ƙasarmu jigawa ce mai tsotse ruwa, sai an daɓe gindin da yumɓu. Da bazara rana na iya shanye kusan santimita ɗaya a yini, don haka rami mai zurfi da ƙaramin baki ya fi mai faɗi jimawa. A yi wa gefe ɗaya gangara don tsuntsaye. Idan akwai burtali kusa, a bar shi yadda yake, a kuma sanar da mai unguwa da makiyaya abin da ake nufi, tun kafin shanu su gano ruwan.

Farauta

Ita ce ta ƙarshe, kuma ba a shekarun farko ba. Lissafin haihuwa shi ke nuna abin da za a iya ɗauka. Zabuwa takan saka ƙwai goma ko fiye a cikin ciyawa da damina, ta ƙyanƙyashe cikin mako huɗu. Gada ɗa guda take haifa bayan ciki na wata shida ko fiye. Wanda ya harbi gada biyu yana iya ƙarar da irin a yankinsa. Damina lokacin ƙwai da goyo ce, babu harbi. Wurin kwanto kuwa a kudu maso yammacin tafki za a yi shi, domin da hunturu iska ta ɗauke warin mutum ta yi nesa da dabba. Tsofaffin maharba da ke ɗaura kan burtu suna rarrafe sun san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi. Kuma tun dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 farautar dabbobin da dokar ta kare tana buƙatar lasisi, haka ma bindigar toka, sai a tuntuɓi malamin daji na ƙaramar hukuma.

Aikin gida: kowa ya zana taswirar gonar gidansu, ya nuna arewa, ya sa kibiya a hanyar iskar hunturu, ya ƙirga kututturen da ke toho, sannan ya lissafa layin itatuwa nawa gonar ke buƙata idan tsayinsu mita 8 ne. Ku kawo ranar Litinin.